FILIN SANA'AR HANNU: Gyaran mayen ƙarfen ƙaramar lasifika



A yau da wuya a sami gari, babba ko ƙarami, wanda babu lasifika. Akwai ta bisa masallaci. Akwai ta a kasuwa wurin masu talla. Akwai ta wurin biki da suna da kokowa. Da ita mai gari yake kiran taro. Da ita ake shelar ranar rigakafin yara da na dabbobi. In saniya ta ɓace, da ita ake cigiya.

Sau da yawa kuɗin jama'a ne ya saye ta. An yi karo-karo bayan kaka, kowa ya kawo abin da ya samu. Ran nan sai iska ta kayar da ita, ko ta faɗo daga amalanke. Murya ta shaƙe. Sai a ce ta mutu, a jefa ta bayan ɗaki, a shiga wani karo-karo.

Alhali da yawa ba mutuwa suka yi ba. Mayen ƙarfen da ke cikinsu ne ya goce daga wurinsa. Wanga ciwo yana da magani, kuma maganin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba. Amma akwai sharaɗi guda. Mayen ƙarfe yana da fuska biyu, waya kuma tana da kai biyu. Dole kowane ya koma yadda aka same shi. Wanda ya juya ɗaya, ya yi gyara kuma ya yi ɓarna. Karatun wanga wata ke nan.

UWA DA ƊIYA

In an buɗe akwatin lasifika, yawanci za a ga guda biyu a ciki. Akwai babba, akwai ƙarama. Babbar ita ce uwa. Ita take fidda murya mai kauri, kamar ta ganga. Ƙaramar ita ce ɗiya. Ita take fidda murya siririya, kamar ta kazagi. Masu gyaran rediyo suna ce mata tuwita.

Ƙara ba komai ba ce sai rawar iska. Fatar ganga tana rawa, ta tura iska, iska ta bugi kunne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin rawa daga sau 20 har sau 20.000 cikin sakan ɗaya. Uwa tana ɗaukar ta ƙasa. Ɗiya tana ɗaukar ta sama, daga wajen sau 2.000 ko 3.000 har ƙarshe.

Aikin ɗiyar nan ba ƙarami ba ne. Baƙaƙe irin su s, da sh, da ts, da c, mafi yawan ƙararsu a sama take. In ɗiya ta yi shiru, magana tana fita kamar ta wanda ya sa kansa cikin tulu. Ba a rabe "saya" da "tsaya". Ba a rabe "sa" da "sha". Ana jin mai shela yana magana, amma ba a san abin da ya ce ba.

Lasifikar masallaci mai kama da bakin kakaki, ita ma ginin cikinta kusan ɗaya ne da na ɗiya. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafe ta.

ABIN DA KE CIKI

Abubuwa biyar ne.

1. Mayen ƙarfe. Wasu suna ce masa maganaɗisu. Yawanci zobe ne baƙi mai kauri.
2. Faifan baya. Ƙarfe ne, da turke tsaye a tsakiyarsa. Turken yana bi ta cikin zobe.
3. Faifan gaba. Shi ma ƙarfe ne, da rami a tsakiya. Kan turke yana leƙowa cikin ramin, amma ba ya taɓa gefe.
4. Naɗin waya. Wayar jan ƙarfe ce siririya kamar gashi, an naɗe ta kamar zobe.
5. Fata. Wani ɗan ƙoƙo ne na ƙyalle ko roba ko ƙarfe marar nauyi. Naɗin waya yana manne a gindinta.

Tsakanin turke da faifan gaba akwai rata kewaye. Ratar ƙarama ce ƙwarai, wajen milimita ɗaya, wani lokaci ba ta kai ba. Cikin ratar nan naɗin waya yake zaune, ba ya taɓa hagu, ba ya taɓa dama. Duk ƙarfin maye a cikin ratar nan yake taruwa.

In wutar lantarki ta bi cikin naɗin waya, shi ma sai ya zama ɗan mayen ƙarfe. Babban maye ya tura shi ko ya jawo shi. Fata ta bi shi, ta fita ta koma, ta fita ta koma. Iska ta yi rawa, kunne ya ji magana.

Wani malami a ƙasar Danmak mai suna Orsted shi ya gano a shekarar 1820 cewa wutar da ke bin waya tana motsa allurar da ke nuna arewa. A shekarar 1925 wasu mutum biyu a Amurka, Rais da Kelog, ma'aikatan kamfanin General Electric, suka bayyana lasifika mai naɗin waya da fata irin wadda ake aiki da ita. Shekara ɗari ke nan, amma dabarar ba ta sake ba.

Babu ƙusa ko noti da ke riƙe da maye da faifai a yawancin ƙananan lasifikoki. Gam ne kaɗai. Zafin bazara yana busar da gam. Danshin damina yana sa tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa. In aka ƙara da faɗuwa, sai gam ya saki. Nan take turke ya goce, ya manne da faifan gaba, ya matse naɗin waya. Fata ba ta iya motsi. Shi ne ake cewa ta mutu.

FUSKA BIYU, KAI BIYU

Kowane mayen ƙarfe yana da fuska biyu. Ana kiran ɗaya arewa, ɗaya kudu. Arewa da kudu suna jan juna. Arewa da arewa suna ture juna, kudu da kudu ma haka. A ido fuskokin nan duk ɗaya ne. Babu rubutu, babu alama. Nan haɗarin yake.

Bayan lasifika kuma akwai kai biyu inda ake ɗaura waya. Ɗaya yana da alamar + ko jan fenti. Ɗaya yana da alamar − ko baƙin fenti. Ƙa'idar yawancin masu ƙira ita ce: in kan + na batir ya taɓa kan + na lasifika, fata waje take fitowa.

In aka juya zobe, fuskar gaba ta koma baya, to komai ya juye. Inda fata za ta fita, sai ta shiga. Inda za ta shiga, sai ta fita. Alamar + da ke jiki ta zama ƙarya.

In lasifikar ita kaɗai ce, kunne ba zai ji bambanci ba. Amma in tana aiki tare da wata, sai matsala ta fito. Manomi ya san wannan. In aka ɗaura shanu biyu a garma, ɗaya na ja gaba, ɗaya na ja baya, dukansu sun gaji, sun ci harawa, amma kunya ko ɗaya ba ta tashi ba. Haka lasifika biyu masu saɓani. Ɗaya tana tura iska, ɗaya tana janye ta. Batir yana ƙarewa, murya tana raguwa.

Bisa masallaci, in biyu suna duban gefe guda kuma sun saɓa, mutanen da ke daidai gabansu su ne za su ji kiran salla ya yi rauni. Cikin akwati kuma, in ɗiya ta saɓa wa uwa, muryar tsakiya inda suke haɗuwa ita take ramewa. Sai mai aiki ya yi ta ƙara wuta don a ji, har naɗin waya ya ƙone. Ciwon da gam zai warkar ya koma na sayen sabuwa.

IRE-IREN MAYE

Kafin a taɓa, a san irin wanda ke hannu.

Na farko, baƙin zobe. Sunansa ferit. An fara yin sa da yawa tun wajen 1952, a kamfanin Philips na ƙasar Holan. Tsatsar ƙarfe ce ake haɗawa da wani gari, a gasa kamar tukunya. Don haka yake fashewa kamar tukunya. Shi ya fi yawa, kuma shi ya fi daɗin gyara, domin ko an raba shi da faifai ƙarfinsa yana nan.

Na biyu, ƙarami mai ƙyalli kamar azurfa. Sunansa newodim. An bayyana shi a 1984, a Japan da Amurka. Bai fi ƙwandala girma ba, amma ƙarfinsa ya fi na baƙin zobe nesa ba kusa ba. Yana iya datse fatar yatsa. Ba ya son zafi. Irin wanda aka saba sawa yana fara rasa ƙarfi in zafi ya wuce digiri 80, wato tun ruwa bai tafasa ba, don ruwa sai a 100 yake tafasa.

Na uku, na tsofaffin rediyo. Sunansa alniko, an samo shi a Japan a 1931. Curin ƙarfe ne cikin wani ƙoƙon ƙarfe. Shi kam in an cire shi daga mazauninsa ƙarfinsa yana raguwa, kuma ba ya dawowa sai da injin kamfani. Kada a buɗe shi.

Akwai kuma ƙananan lasifikoki masu araha, marasa nauyi, waɗanda babu maye ko kaɗan a cikinsu. Ana ce musu fiyezo. A kai ƙusa bayanta. In ba ta kama ba, to wanga gyara bai shafe ta ba.

A SAN CIWO KAFIN MAGANI

Ba kowane shiru ne laifin maye ba. A kashe wuta, a cire lasifika daga akwati, a gwada da dutsen tocila guda ɗaya mai volt 1,5, wato ɗaya da rabi. A ɗaura masa gajerun wayoyi biyu. A taɓa kawunan lasifika, a ɗauke nan da nan. Taɓawa ce kaɗai, ba riƙewa ba. Kada a kuskura a gwada da batirin mota ko na sola mai volt 12. Zai ƙone naɗin waya kafin a ƙifta ido.

In an ji "ƙas" sarai, naɗin waya yana da rai kuma yana motsi. A nemi ciwon wani wuri, ko waya ce ta tsinke cikin akwati.

In ba a ji komai ba, wataƙila naɗin waya ya ƙone ko ya tsinke. Mai agogon awon wuta ya auna. Lasifikar da aka rubuta mata 8 takan nuna wajen 6. In agogo bai motsa ba, wayar ta tsinke. Maganin wannan sabuwar fata ce da naɗinta. Ta lasifikar masallaci ana sayar da ita daban, a tambayi masu kayan rediyo a manyan kasuwanni irin na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Yamai. A tafi da tsohuwar don a gwada girma.

In ƙarar ta fito ƙasa-ƙasa ko da ƙarce-ƙarce, kuma agogo ya nuna waya lafiya, a dubi bayan. Zobe ya karkace? Gefe ɗaya ya fi ɗaya fitowa? Ana ganin tsaga cikin gam? To maye ne ya goce.

KAYAN AIKI

Gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, wanda yake jinkirin bushewa. Mai kamawa cikin minti 5 ba ya ba mutum lokacin daidaitawa. Sai takardar yashi, da salatif, da almakashi, da fenti ko jan farce, da zare. Sai ƴan katakai uku da aka feƙe bakinsu kamar weji. Sai kati mai santsi, irin na karta ko tsohon hoton ƙashi na asibiti. A shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle bisa tebur ko allo, cikin ɗaki inda babu iska. Ba a wanga aiki a ƙasa. Cikin rairayi akwai garin ƙarfe, maye kuwa ba ya barin ko ƙwaya ɗaya. Kusa da maƙera ma ba wurin yi ba ne.

YADDA AKE GYARA

1. Alama tukuna. Tun ba a kwance komai ba, a ɗaura zare a wayar da ke kan +. A ɗauki takarda a zana yadda wayoyi suke. Mai karatu ya rubuta: "ja a dama, baƙa a hagu". Mai salula ya ɗauki hoto.

2. A ja layi ɗaya na fenti daga faifan gaba, ya bi ta kan zobe, ya sauka faifan baya. A gefen zobe a zana kibiya mai nuna gaba. Wanga layi da kibiyar nan su ne rabin gyara.

3. A kwance sukurorin da ke riƙe da fata, yawanci uku ne ko huɗu. A riƙe bakin abin kwancewa da yatsu biyu, don maye yana fizgarsa ya huda fata.

4. In naɗin waya ya matse, kada a ja shi da ƙarfi. A tura faifai a hankali har rata ta buɗe, sannan a ɗaga fata tsaye. A ajiye ta cikin kwano mai murfi.

5. A raba faifan da ya saki. Ba a ɓamɓarar sa da ƙarfe, ba a bugun sa da guduma. A sa wejin katako, a ɗaga kaɗan-kaɗan. Kada a ɗora bisa wuta don gam ya narke. Zafi yana fasa baƙin zobe, yana kashe mai ƙyalli.

6. Da zarar fuskar zobe ta bayyana, a rubuta G a ta gaba, B a ta baya, can bakin gefe.

7. A goge tsohon gam da tsatsa da takardar yashi. A bi da salatif, a manna a ɗaye, a manna a ɗaye, har ya fito fari.

8. A yanka kati dogo, a naɗe shi jikin turke, har kaurinsa ya cika rata daidai kewaye. Katin nan shi zai hana turke gocewa. A kamfani, sai an gama manne komai sannan ake sa wa zobe ƙarfinsa da inji. Mai gyara ba shi da wannan sauƙi. Shi yana aiki ne maye na jan hannunsa. Don haka a gwada haɗawa sau ɗaya ko biyu babu gam, har hannu ya saba.

9. A haɗa gam, rabi da rabi. A shafa kaɗan, shafe ɗaya marar kauri, nesa da rata. A dubi G da B. A dubi layin fenti.

10. A jera weji uku bisa zobe, a ɗora faifai a kansu, a riƙa janye su kaɗan-kaɗan har faifai ya zauna. Yatsu su tsaya a gefe, kada su shiga tsakani.

11. A bar shi kwana ɗaya cur, awa 24. In faifai biyu ne suka saki, a manna na baya yau, na gaba gobe. Sauri ya haifi nawa.

12. A zare kati. A ninka salatif, gefen danƙo a waje, a zagaya da shi cikin rata har ya daina fitowa da baƙi.

13. A mayar da fata tsaye. A ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, ba ɗaya har ƙarshe ba.

Wasu ƙananan lasifikoki suna da wani baƙin mai cikin rata. Ba datti ba ne. Masu ƙira ne suka zuba shi don ya sanyaya naɗin waya. In ya fita wurin gyara, lasifika za ta yi aiki, amma a rage mata wuta. Kada a musanya shi da man mota ko man gyaɗa.

IN AN MANTA ALAMA

Wani lokaci akan kawo zobe a hannu, ya riga ya rabu, babu wanda ya san gaba da baya. A fara duban sauran tsohon gam. Tabon da ke jikin zobe yakan dace da na faifansa, kamar fasasshiyar ƙwarya da sakainarta.

In wannan bai yi ba, allura za ta yi. A goga allurar ɗinki jikin maye sau 30, daga kunne zuwa tsini, hanya ɗaya kullum. A soke ta cikin ɗan totuwar kara. A ɗora bisa ruwa cikin ƙwarya, nesa da ƙarfe. Allura za ta juya ta tsaya, kai ɗaya arewa, ɗaya kudu.

Sai a kawo ƴar uwar lasifikar, iri ɗaya, mai lafiya. A nuna wa allura bayanta daga nesa, kamar taƙi biyu. A duba: tsini ne ya juyo ko kunne? A ɗauke ta. A kawo zoben da ya rabu, a nuna fuskokinsa ɗaya bayan ɗaya. Fuskar da ta juyo da kai iri ɗaya, ita ce ta baya. Kada a matso da maye kusa ƙwarai, don yana iya juya ƙarfin allurar kanta.

Zoben da ya fashe biyu yana da nasa tarko. In an mayar da gutsattsarin yadda suke tun asali, ture juna suke yi. In suka manne da kansu cikin sauƙi, to ɗaya a juye yake, kuma ƙarfinsu zai kashe juna. Abin da ya fi, a nemi zobe mai girma ɗaya daga matacciyar lasifika, a gwada fuskarsa da allura.

GWAJIN ƘARSHE

Ba a mayar da lasifika akwati sai an gwada. A koma ga dutsen tocila guda. Kan dutse mai ƙullutu shi ne +. A kai shi ga + na lasifika. A dubi fata ta gefe, cikin haske, don motsin ɗiya bai fi kaurin gashi ba. In ta fito waje lokacin taɓawa, daidai ne. In akwai ƴar uwarta mai lafiya, a gwada ita ma. Dole su bi hanya ɗaya.

Ta masallaci fatarta a ɓoye take. Ita da kunne ake gwada ta. A jera biyu gefe da gefe, suna duban wuri guda. Mutum ya tsaya daidai tsakiyar gabansu, kamar taki biyar. Wani ya yi magana cikin mikro. A juya wayoyin guda ɗaya, a sake saurare. Ɗaurin da murya ta fi cika, ta fito kamar daga baki ɗaya, shi ne daidai.

In gwaji ya nuna an juya zobe, kada a fasa gam. Maganin mai sauƙi ne. A goge tsohuwar alama, a sa jan fenti a ɗaya kan, a ɗaura waya bisa sabuwar alama. Juyi biyu sun zama daidai. Amma dole a sake alamar, saboda wanda zai buɗe bayan shekara biyu.

KADA A FI MAI ƘIRA WAYO

Akwai wani abu da yake ruɗin masu koyo. Misali, yaro ya buɗe akwati a rumfar gyara, ya ga jar waya a kan − na ɗiya. Ya ce:

"Maigida, ga kuskuren kamfani. Bari in gyara musu."

Maigida ya ce: "Dakata, ɗana. Wani ya taɓa buɗe akwatin nan?"

"A'a, maigida. Dalmar ta asali ce."

"To bar ta yadda ka gan ta. Su suka auna, kai ba ka auna ba."

Maigida yana da gaskiya. Cikin akwati akwai ƴan kayan da ke raba murya, ta ƙasa ga uwa, ta sama ga ɗiya. Kayan nan suna sa ɗaya ta riga ɗaya kaɗan. Saboda haka wasu masu ƙira suke juya wayar ɗiya da gangan, don su haɗu daidai. Shi ya sa aka ce a zana tun farko. Aikin mai gyara shi ne ya mayar yadda ya tarar.

Cikin kayan nan akwai ɗan gwangwani da ake ce wa kondansata. Yakan ɗauki lamba kamar 3,3 ko 4,7. Shi ne mai gadin ɗiya. Yana tare murya mai kauri kada ta shige ta. Duk wanda ya cire shi ya haɗa waya kai tsaye, ɗiya ba za ta daɗe ba. Kuma gwajin dutsen tocila ba ya bi ta cikinsa. A kan lasifika kanta ake taɓawa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A ɗaure ta masallaci da kyau kafin iskar farkon damina. Bakinta ya ɗan dubi ƙasa don ruwa kada ya kwanta ciki. In za a ɗauki akwati a amalanke, a shimfiɗa tabarma ko buhu. Lokacin hunturu a rufe shi da ƙyalle in ba a aiki. In murya ta fara tsagewa, a rage wuta. Kada mai mikro ya tsaya gaban lasifika, don kukan nan mai huda kunne yana ƙone ɗiya.

A nisanta maye daga agogon hannu da kaset. Mai ƙyallin nan kuma a ɓoye shi daga yara. In yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. In haka ta faru, a kai shi likita nan da nan, ko da bai ce ciki na ciwo ba.

Gari kuma ya kamata ya sa mutum ɗaya mai karatu ya kula da lasifikar jama'a. Ya sami ɗan littafi. Ya rubuta ranar da aka saya, da ranar da aka gyara, da yadda wayoyi suke ɗaure. Amfanin karatu ke nan. Alama ɗaya da aka rubuta yau tana iya tsare kuɗin buhun gero gobe.

TAMBAYOYI DON MAKARANTUN YAƘI DA JAHILCI

1. Fuska nawa ne ga mayen ƙarfe? Yaya sunansu?
2. Me ake fara yi kafin a kwance lasifika?
3. Don me ba a gwaji da batirin mota?
4. In an juya zobe kuma gam ya bushe, mene ne magani?

A tattauna su tare da malami. Wanda yake da matacciyar lasifika bayan ɗaki ya kawo ta aji, a buɗe, kowa ya ga turke da rata da idonsa.

A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, wanga fili zai kawo bayanin yadda ake liƙa waya da dalma. Allah ya ba da sa'ar aiki.